Wanda Ya Ɗauki Kofin Fatake

Alhaji Fakhruddeen ya kira Uwaisu ɓarawo a gaban jama'a, bayan sallar Azahar, a zauren ƙungiyar Hausawa da ke Dagenham.

Abin da ya ɓata kofin ƙwallo ne na tagulla, tsoho, mai kunne biyu. Kofin Fatake ake ce masa. Daga gidansu Alhaji na Kano ya fito. Alhaji ya kawo shi zauren don mutane su gani, kafin a kai shi baje kolin tarihin ƙwallo da za a yi a Stratford. Aka ɗora shi kan tebur a ƙaramin ɗaki, aka lulluɓe shi da farin ƙyalle. Ran Lahadi aka shiga, ƙyalle na nan, kofi babu.

Uwaisu ne ke kula da zauren. Magidanci ne mai mata da 'ya ɗaya, yana aikin kula da tsofaffi, takardar zamansa kuma ta kusa sabuntawa. Kowa a wurin ya san in sunansa ya shiga hannun 'yan sanda, aikin ya tafi, takardar ma ta bi shi.

"Ba ni na faɗa ba," in ji Alhaji. "Ku ji da kunnenku."

Ya ɗaga waya ya kunna saƙon murya. Muryar Abdul-Ganiyu ce, mutumin zangon Kumasi da ke zuwa goge zauren kowace safiyar Asabar. Alhaji ne ya tambaye shi ko ya ga wani, shi kuma ya amsa a gurguje.

"Alaji, na gan shi. Dogo ne, bakin kaya, ya rufe kai. Ya shiga karamin daki, ya sa abin cikin jaka, ya fita. Mutumin ku ne, shi na zuwa nan kullum. Ni ban hana shi ba."

Ido ya koma kan Uwaisu. Dogo ne. Baƙar riga mai hula ce a jikinsa, wadda ba ya rabuwa da ita.

"Ni ban ɗauka ba," in ji shi.

"Wallahi tallahi," in ji Alhaji, "in kofin nan bai dawo zuwa Juma'a ba, police zan kira wa wanda ya ɗauka. Ko wane ne. Ko ɗan cikina ne."

A bayan sahu wani tsoho ya yi gyaran murya. Baba Jalo ne, Bafillacen Gombe, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun sata daga dajin Dukku har cikin duwatsun Adamawa. Aikin ido ya kawo shi London wurin 'yarsa Murja, idon ya warke, aka hana shi komawa. Bai shiga aji ba, ba ya kuma jin kunyar faɗa.

"Alhaji, wa ke buɗe wa mai guga ƙofa?"

"Uwaisu."

"Ke nan ya san shi. Me ya hana ya faɗi sunansa?"

"Rufa masa asiri yake."

"Ka ga sawunsa?"

Wasu suka yi dariya. Alhaji ya ce, "Baba, nan London ce. Ba a barin sawu a nan."

"Ba a dubawa dai," in ji Jalo. "Kada kowa ya sake shiga ɗakin nan."

*

Washegari Jalo ya shiga ɗakin shi kaɗai, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya kwantar da kunci kusa da ƙasa yana bin hasken taga. An taka daɓen tun yana jiƙe da ruwan guga, ya bushe da shaidar. Sawun waɗanda suka shigo daga baya ya ɓata tsakiya, amma gefen tebur na nan da saura. Takalmi shimfiɗaɗɗe, siriri. Taku gajere. A hannun dama, kusa da kowane taku, 'yar da'ira kamar bakin kwalba.

Ya tashi ya dubi ƙyallen. A ninke yake tsaf, kusurwa kan kusurwa.

Ya fito ya sami Uwaisu zaune a kan matakala.

"Ɗaga ƙafarka."

Uwaisu ya ɗaga. Ƙafa ce mai faɗi kamar faranti.

"Ina kake safiyar Asabar?"

"Ina shift, Baba. A gidan wani dattijon Bature a Barking."

"Zai shaide ka?"

"Ko sunansa ba ya tunawa. Wani lokaci da sunan ƙaninsa da ya mutu yake kira na."

"Ka kira mai guga?"

"Na yi ta kira. Tun da ya ji an ambaci police ya daina ɗaga wayar kowa." Uwaisu ya sauke ƙafarsa. "Matata ta ce in je in durƙusa wa Alhaji. Wai ko ban ɗauka ba in ba shi haƙuri, saboda yarinya. Baba, ni ba zan durƙusa ba."

"Ban ce ka durƙusa ba. Wa ke zuwa nan da sanda, dogo, mai baƙin kaya?"

Uwaisu ya yi tunani. "Malam Mordecai. Shi ke haɗa baje kolin. Kuma sun yi cacar baki da Alhaji kan kofin, kowa ya ji."

*

Mordecai mutumin Jos ne, tsohon direban bas ɗin London, wanda ya yi ritaya ya faɗa tara tarihin ƙwallo. Jalo ya same shi a wani shagon shayi kusa da tashar Stratford, sanye da baƙin kwat da baƙar hular sanyi, sanda jingine a gefen kujera.

"Na ji labari," in ji Mordecai. "An aiko mini Bafillace ya shinshina ni. Zauna, dattijo. Shayi ko nono?"

"Me ya haɗa ka da Alhaji?"

"Rubutu. Ka lura da gindin kofin? Akwai ɗan fili da aka bari don sunan wanda ya ci. Babu komai a kai. Alhaji ya yi booking ɗin mai zana ƙarfe, zai sa a rubuta sunan kulob ɗin ubansa kafin a kawo mana. Na ce masa tsohon abu ba a taɓa shi. Ya ce kofin ubansa ne."

"Kofin mene ne?"

Mordecai ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

"Yaran yanzu na zaton ƙwallon ƙasa da ƙasa daga jirgin sama ya fara. Ba haka ba ne. Ko a nan Turai, tun kafin manyan gasanni, attajirai ne ke sayen kofi su gayyato kulob daga ƙasashe, ma'aikata su hau jirgin ƙasa su ƙetare iyaka su buga, su dawo bakin aikinsu. Mu ma an yi irinsa. Wannan, fataken goro ne suka haɗa shi kafin a ba da mulkin kai. Suna da mutane a kowane zango, to sai suka ce kowane zango ya fito da 'yan ƙwallonsa. Kano, Damagaram, Yamai, Kumasi. Wasu ƙarƙashin Ingilishi, wasu ƙarƙashin Faransi. A bayan motar goro suke tafiya, a kan huhu suke kwana. Rabinsu ba takalmi. Alƙalin wasa na busa da dokar Faransi, 'yan wasa na gardama da ta Ingilishi, duka kuma ana zagi da Hausa."

"Wa ya ci?"

"Nan ne gizo..." Mordecai ya katse kansa ya girgiza kai. "Nan ne ban sani ba. Wasan ƙarshe a Kano aka yi, Guguwar Fagge da Damisar Zango ta Kumasi. Uban Alhaji ne mai tsaron gidan Guguwa. Daga nan ban sami wanda ya gaya mini yadda aka tashi ba. Alhaji ya ce tun da kofi na gidansu, su suka ci."

"Tashi ka je wurin ƙofa ka dawo."

"Au, har da fareti?"

Mordecai ya ɗauki sandar da hagu. Gindinta mai ƙafa huɗu ne irin na asibiti. Takalminsa kuwa sai ka ce kwale-kwale. Jalo ya kalle shi har ya dawo ya zauna.

"Ba kai ba ne."

"Na gode wa Allah. Da na ɗauka ma da na ɓoye shi inda Alhaji ba zai gani ba har abada. To wa ya rage?"

Abin da ke damun Jalo daban ne. A iya saninsa, dogon namiji ba ya taka ƙasa da siririyar ƙafa irin wadda ya gani. Ya bi tsofaffin zauren ɗaya bayan ɗaya a ransa, babu wanda ya dace.

"Ka san gidan mai guga?"

"Abbey Wood. Ga lambarsa ma."

"Ba na tambayar mutumin da ban ga idonsa ba. Tashi ka kai ni."

*

Jirgi ya sauke su a ƙarshen layi. Flat ɗin Abdul-Ganiyu a hawa na sama yake, ƙanshin shinkafa da wake ya cika matakala. Ya leƙo ta ɗan tsagin ƙofa, da ya ga tsofaffi biyu ne ba masu kaki ba, ya buɗe.

"Ni ba na son magana da police," ya fara tun ba su zauna ba. "Abin da na gani na fada."

"Ba wanda ya zo da police," in ji Jalo. "Ruwa za ka ba mu."

Abdul-Ganiyu ya shiga kicin yana ta buɗe-buɗe, yana magana daga can.

"Ku yi hankuri, ban san inda kofuna suke ba. Matata ya tafi kasuwa. Shi ne ya san wurin komai. In ya dawo zai ba ku abinci, shi na dafa waakye, shinkafa da wake, mai dadi."

Jalo ya ɗago kai a hankali.

"Wa ya tafi kasuwa?"

"Matata, Zaratu."

"Wa ke dafa abincin?"

"Shi mana."

Mordecai ya buɗe baki, Jalo ya ɗaga masa hannu. Ya jira har mutumin ya fito da ruwa ya ajiye.

"Ɗana, wanda ka gani ya ɗauki kofi. Namiji ko mace?"

Abdul-Ganiyu ya dube shi kamar an tambaye shi ko rana na fitowa.

"Mace ne. Tsohuwa dogo, da sanda, da bakin hijabi har kasa. Ai na fada wa Alaji."

"Ka ce ya shiga, ya ɗauka, ya fita."

"To yaya zan ce?"

Mordecai ya kwashe da dariya har da buga sanda a ƙasa. "Zaure guda na Kanawa, masu cewa su suka haifi Hausa, amma ba wanda ya gano!"

Jalo bai yi dariya ba. "Uwaisu ake zargi. An kira shi ɓarawo."

"Uwaisu? Subhanallahi! Uwaisu bai zo ba ma ran nan, mabudi ya bar mini a shagon kusa."

"Ta yi maka magana?"

"Ya gaishe ni. Ya ce ni mutumin ina ne, na ce Kumasi. Sai ya tsaya ya dube ni da kyau, ya daga jaka ya ce, to rabin wannan naku ne. Ni ban gane ba."

Jalo ya dubi Mordecai. Mace ɗaya ce tak doguwar tsohuwa mai sanda a ƙungiyar, kuma dukansu sun san ta.

*

Hajiya Ramatu yayar Alhaji Fakhruddeen ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta ba shi shekaru masu yawa. A Stratford take zaune wurin 'yarta likita. Gidansu Barebari ne na fataucin goro, don haka tana ganin Jalo a bakin ƙofa ta ce, "A'a, yau bawana ne da kansa? Ina ka baro shanun?"

"Sun ɓata, uwar ɗakina. Sawu na biyo, ya kawo ni ƙofarki."

Ya dubi takalminta da ke gefen shimfiɗa. Siriri, shimfiɗaɗɗe. Sandar na hannun dama. Ta ga inda idonsa ya je.

"Daina leƙen takalmina. Ni na ɗauka. Yana ƙarƙashin gadona."

"Don me?"

"Zauna, Fulani. Tsayuwa ba za ta ƙara maka tsawo ba."

Ya zauna.

"Ina wurin ranar," in ji ta. "Ina yarinya, ni ke kai wa Baba ruwa a bayan raga. Ɗaya da ɗaya ake, sai hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwan da ban sake ganin irinsa ba. Fili ya zama tafki. Alƙali ya busa ya gudu. Da aka sarara, manya suka taru a rumfa suka ce baɗi a ƙarasa. Mutanen Kumasi motarsu za ta tashi da asuba. Kyaftin ɗinsu ya ɗauki kofin da hannu biyu ya miƙa wa Baba, ya ce ajiye mana, amana ce, sai mun dawo. Ni na ɗauko shi a kaina har gida, ruwa na zuba mini ta kunnuwansa."

"Ba su dawo ba."

"Mulki ya sauya, iyaka ta yi tsauri, fatake suka watse. Baba ya jira har ya tsufa. In baƙo ya ce Malam kun ci kofi, sai ya ce a'a, ajiya ce. Da zai rasu, ni ya kama wa hannu ya ce kada a rubuta komai a gindinsa. Lokacin Auta, Alhajin naku, na makaranta a nan Ingila, yana koyon cin abinci da cokali mai yatsu."

"Kin gaya masa?"

"Na gaya masa. Ya ce Yaya ina ruwan mata da ƙwallo. Ya ce waɗanda suka san zancen duk sun mutu. Na ce ni ban mutu ba. Da na ji ya kira mai rubutu, na ɗauki jakata na hau bas."

"Kin san wa aka kama da laifin?"

"Wane laifi? Auta bai ce mini komai ba. Na zaci yana can yana kumbure-kumbure."

"Uwaisu. A gaban sahu ɗan'uwanki ya kira shi ɓarawo. Ya rantse gobe Juma'a zai kira wa wanda ya ɗauka police. Yaron zai rasa aiki, zai rasa takarda. Yana da mata da 'ya."

Hannun Hajiya ya matse kan sandar har jijiyoyi suka fito.

"Uwaisun da ke riƙe mini hannu a matakala?"

"Shi."

"Ba wanda ya gaya mini."

"A group ɗin maza na waya ake ta yi."

"Maza," in ji ta, kamar ta tofar da wani abu. Sai ta dube shi. "To me za ka yi?"

"Gobe zan faɗi abin da na gani. Ba na rage sawu, ba na ƙara masa. Ko kin zo ko ba ki zo ba."

"Wa ya ce maka ba zan zo ba?"

*

Bayan sallar Juma'a zauren ya cika fiye da kullum. Maza a gaba, mata a bayan labule. Uwaisu na tsaye jikin bango, ya harɗe hannu. Mordecai ya shigo ya zauna a kujerar baƙi, Abdul-Ganiyu na maƙale a bayansa. Alhaji Fakhruddeen ya ajiye wayarsa a kan tebur inda kowa zai gan ta.

"Baba Jalo, lokaci ya yi. Ko kofi, ko suna."

Jalo ya miƙe.

"Wanda ya ɗauki kofi yana dogara sanda. Uwaisu ba ya dogara sanda. Ƙafar wanda ya ɗauka siririya ce. Ƙafar Uwaisu kun gan ta. Malam Mordecai na da sanda, amma da hagu yake riƙewa, waccan kuwa da dama. Wanda ya ɗauka ya tsaya ya ninke ƙyalle. Mai tsoron a kama shi ba ya ninki."

"Wannan duk zance ne," in ji Alhaji. "Shaida ya ce ya gan shi."

"Ga shaidan nan. Abdul-Ganiyu, ina matarka?"

"Shi na gida, Baba."

"'Yarka fa?"

"Ya tafi makaranta."

Wani ya yi dariya, dariyar ta mutu a rabi. Aka ji ƙus-ƙus ya tashi daga sahu zuwa sahu.

"Faɗa musu wanda ka gani."

"Mace ne," in ji Abdul-Ganiyu. "Mu a zango ba mu raba wa. Ku ma ba ku tambaye ni ba."

Alhaji ya miƙe tsaye. "Wace mace ce za ta shigo nan ta..."

Labule ya motsa. Aka ji sanda na taɓa daɓe, ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Ramatu ta ratso tsakiyar maza, suna janye ƙafafu suna ba ta hanya, har ta tsaya gaban tebur. Ta fi ƙaninta tsawo.

"Ni ce, Auta."

"Yaya..."

"Rufe mini baki, ban zo wurinka ba tukuna." Ta juya wajen bango. "Uwaisu, ɗana, ban sani ba sai jiya. Da na sani, da ko kwana ɗaya ba ka yi da wannan suna ba. Jama'a ku shaida, yaron nan bai taɓa komai ba."

Uwaisu ya sauke hannuwansa. Ya juya fuska ga bango.

Alhaji ya sassauta murya. "Shi ke nan, kuskure aka samu. Maganar gida ce, mu je gida mu ƙarasa."

"A nan ka kira shi ɓarawo," in ji Jalo. "A nan za ka janye."

Alhaji ya dubi jama'a, bai ga fuskar da ke tare da shi ba. Ya ce, yana kallon tebur, "Uwaisu, na janye. Ka yi haƙuri."

"Ban ji ba, Alhaji," in ji Uwaisu.

Alhaji ya maimaita da ƙarfi, wuyansa ya kumbura. Sannan ya juya kan yayarsa, duk fushin da ya haɗiye ya dawo.

"To an wanke shi. Saura kofi. Na yi alkawari da masu baje koli, mai rubutu na jira, na gayyaci mutane har daga Abuja. Kofin ubana ne."

"Ubanmu bai ci kofin nan ba, kuma bai taɓa cewa ya ci ba. Ɗaya da ɗaya aka tashi, ruwa ya raba. Ajiya aka ba shi."

"A zango an ce mu ne muke gaba," in ji Abdul-Ganiyu daga bayan Mordecai.

"Kai ma ƙarya aka gaya maka, yi shiru," in ji Hajiya, ba ta ko waiwaya ba.

Mordecai ya ɗaga hannu. "Alhaji, mu a yadda yake muke son sa. Kofin da ba a gama wasansa ba ya fi..."

"Ba da kai nake ba!" Alhaji ya buga tebur. "Sunan Baba zai hau kofin nan. Waɗanda suka ba da ajiyar ina suke? Wa zai zo karɓa? Yaya, kin ji na rantse a gaban mutanen nan. Na ce ko wane ne. Kada ki sa in yi abin da za a yi ta faɗa da mu har Kano."

Ya ɗauki wayar. Zauren ya yi tsit, har ana jin motocin da ke wucewa a titi.

Jalo ya koma ya zauna. Nasa aikin ya ƙare inda sawu ya ƙare.

Hajiya Ramatu ta jawo kujerar da ƙaninta ya tashi daga kai, ta zauna, ta ɗora hannu biyu a kan sanda.

"Kira su, Auta. Ka gaya musu yayarka ce, ka ba su adireshi, ka ce yana ƙarƙashin gado. Ina nan zaune ina jiran su."

"Yaya, don Allah. Ki ba ni kofin nan."

"Ba zan bayar ba."